Ranar da na zama injiniyan banɗaki

Hitar banɗakinmu ba ta tashi mutuwa ba sai tsakiyar hunturu. Duk wanda ya san Katsina a watan Janairu, lokacin da iskar nan mai ƙura ke kaɗowa daga Sahara, ya san wankan asuba da ruwan tanki ba wanka ba ne, horo ne. Kwana uku uwargida na dafa mani ruwa, tana ƙirga gawayin da babbar murya don in ji.

Na shiga Babbar Kasuwa na sayo sabuwa, ta araha, irin mai ɗumama ruwa nan take, wat 3,500. Mai shago ya ce bari ya haɗa ni da yaronshi ya ɗaura mani. Na ce, "Waya uku ce fa, ba tiyata ba."

Da na iso gida sai na tarar babu wuta. Na ce sa'a ke nan. Na kife bokiti na hau, ƙafa ba ko silifas, ƙasa jiƙe. Uwargida ta leƙo: "Baban Ummi, ka kashe babban makunni kuwa?" Na ce wace wutar zan kashe, wadda aka ɗauke tun jiya? Har testa na sa, ba ta kama ba, na nuna mata kamar takardar shaidar kammala karatu.

Na kwance tsohuwa, na fere wayar bango, ina riƙe da ita da yatsu, sai na jiyo yaran unguwa sun kaure da ihu: "An kawo wuta!"

Ai ni na riga su sani.

Bolt 230 ba ta sallama. Bokiti ya yi gabas, ni na yi yamma, sukudireba ta nufi masai, har yau ba ta dawo ba. Ana mana kirari wai kunya gare mu ba dai tsoro ba. Ranar duka biyun sun same ni. Uwargida ta ce ta ji ihu. Na ce salati ne.

Wani da nan zai tsaya. Ni kuwa na kashe makunnin, na ƙarasa haɗi da hannu yana rawa, na kunna. Na manta kwana biyu ba a tura ruwa tanki ba. Hita ta ci wuta a bushe, ƙauri ya cika gida har maƙwabciya ta aiko a duba girki.

Da la'asar mai gyaran wuta ya zo, ya daɗe yana kallon aikina. Ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan?" Na ce wani yaro ne. Ya ce yaron ba ya ƙaunarka. Wayar bangon siririya ce, ta ƙwan fitila, mai lamba 1.5 a ma'aunin kaurin waya, alhali hitar na jan amfiya kusan 15, sai mai kauri da bireka tata ita kaɗai. Ita kuwa mai kore da ɗorawa, wadda ke kai wuta ƙasa in ta ɓalle, yaron ya naɗe ta da salatif ya cusa a bango. Makunni ma, in ji shi, a wajen banɗaki ake sa shi.

Washegari na koma kasuwa da hula a karkace. Mai shago bai ce komai ba, ya sauko da wata hitar, sannan ya ƙwala wa yaronshi kira.