Ruwa ya yi garau ba shi ne tsabta ba

Maganar da na gaji da ji a garinmu ita ce: "Ai ruwan famfo ne, dubi yadda ya yi garau." Masu faɗin haka suna da hujjarsu, don ruwa mai laka kowa ya san abin gudu ne, kuma a matatar ruwa ana zuba sinadarin kulorin kafin a sako shi.

Sai dai ƙwayoyin kwalara da taifot ido ba ya ganinsu. Matsalar ma yawanci a hanya take. Dubi bututun da ya ratsa ta cikin kwata a lungunmu, an ɗaure fashewarsa da roba. Idan aka ɗauke ruwa, ƙarfin da ke cikinsa ya faɗi, sai ruwan kwatar ya tsiyaya ciki. Ran da aka kawo ruwa, shi zai fara isowa randarki.

Alif kuwa, da iyayenmu suka yarda da shi, laka yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta. Wannan aikin tafasawa ne: ruwan ya yi minti 1 yana ɓararraka. In kulorin aka sa, a jira minti 30 kafin a sha.