Hasken gamma ba ya zama a cikin ƙwayar alkama

Manomin alkama a Kadawa ta jihar Kano ya san ciwon: sanyin hunturu ya janye da wuri, zafin Maris ya sauko, ƙwaya ta motse kafin ta cika. Shi ya sa masana ke haska iri da hasken gamma, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, suna neman wanda zai jure zafi. Wasu na jin haka sai su ɗauka guba za ta biyo mu har cikin gurasa. Sam ba haka ba ne. Hasken ratsa irin yake ya wuce, kamar hoton ƙashi a asibiti. Abin da yake bari sauyi ne a ƙwayoyin gado. Ana shuka dubbai, yawanci ba su da amfani, a tsinci 'yan kaɗan masu cikakkiyar zangarniya, a yi ta gwada su shekara da shekaru. Ta haka Indiya ta samar da alkamar Sharbati Sonora a 1967, don gyara launin ƙwayarta.