Fastocin da ke naɗa shugabanni a Amurka, wa ke bin bahasinsu?

A 1979 Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyar siyasa ta Kiristoci masu ra'ayin riƙau mai suna Moral Majority, shekara guda bayan nan ƙuri'un mabiyansa suka taimaka wa Ronald Reagan ya hau mulki. Tun daga lokacin, da wuya ɗan jam'iyyar Republican ya nemi shugabancin Amurka bai kai gaisuwa ga Kiristoci masu ra'ayin riƙau ba. A zaɓen 2016 kusan takwas cikin goma na fararen fata 'yan Ibanjelika (wani ɓangare na Kiristoci 'yan Furotesta) Donald Trump suka zaɓa. Shi kuma ya saka musu da alƙalai uku a Kotun Ƙoli, da su aka soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki, a watan Yunin 2022.

Ban ga laifin mai addini ya shiga siyasa ba. Wanda ya yi imani cewa zubar da ciki kisan kai ne, haƙƙinsa ne ya tara jama'a ya kaɗa ƙuri'a a kan haka. Abin da ke damuna shi ne iko ba tare da hisabi ba. Sanata in ya ɓata rawarsa da tsalle, jama'a na jiransa ranar zaɓe. Faston da ke juya miliyoyin ƙuri'u kuwa ba ya tsayawa takara, ba ya kuma buɗe wa kowa littafin kuɗinsa.

Dokar Amurka ta wajabta wa ƙungiyoyin agaji miƙa bayanin kuɗinsu ga hukumar haraji duk shekara, amma ta ɗauke wa coci-coci wannan nauyi. A 2007 Sanata Chuck Grassley, wanda shi ma ɗan Republican ne, ya buɗe bincike kan manyan masu wa'azin talabijin shida, saboda jiragen sama da manyan gidajen da ake zargin da baikon talakawa aka saya. Wasunsu, ciki har da Kenneth Copeland, suka ƙi ba da cikakken haɗin kai. A 2011 aka rufe binciken, ba a hukunta kowa ba. Ɗaya daga cikin shidan, Paula White, ita Trump ya ɗora kan ofishin harkokin addini na fadarsa a 2025. Akwai kuma dokar 1954 da ta hana cocin da aka yafe wa haraji tallata ɗan takara, sai dai kusan ba a taɓa aiki da ita ba.

Rashin mai tsawatarwa na cutar da 'yan cocin kafin kowa. A 2022 wani bincike mai zaman kansa ya gano cewa shugabannin Southern Baptist, ɗarikar Furotesta mafi girma a ƙasar, sun shafe shekaru suna rufa-rufa kan ƙorafe-ƙorafen cin zarafin mata da yara. Mabiyansu ne suka tilasta aka yi binciken, kuma sun cancanci yabo.

Tasirin bai tsaya a Amurka ba. Ranar da aka buɗe ofishin jakadancinta a Birnin Ƙudus a watan Mayun 2018, Fasto Robert Jeffress da John Hagee ne suka yi addu'a, a ranar da sojojin Isra'ila suka kashe Falasɗinawa da dama a iyakar Gaza. Kiristocin Baitalami, waɗanda kakanninsu ke cikin na farko-farkon karɓar addinin, babu wanda ya nemi ra'ayinsu.

Mu ma abin ya iso mu. Gwamnatin Trump ta saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini a 2020, ta Biden ta cire ta a 2021, Trump ya mayar da ita a ƙarshen Oktoban 2025 bayan matsin lambar 'yan siyasa irin su Sanata Ted Cruz. Kashe Kiristoci a Binuwai da Filato gaskiya ne, kuma abin kunya ne ga hukumominmu. Amma labarin kisan Kiristoci da aka kai Washington ya tsallake gawarwakin Musulmin Zamfara da Katsina da Borno, kuma idan manufar da aka gina a kansa ta rura wutar gaba tsakanin maƙwabta a Jos ko Kaduna, babu ɗaya daga cikin waɗanda suka tura ta da za a kira gaban majalisa ya yi bayani.