Daɗewa kan allurar Copaxone ba ta kawar da haɗarin borin jini

Masu fama da cutar MS, wadda garkuwar jiki ke lalata rufin jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, na iya ɗauka cewa idan allurar Copaxone, maganin rage tasowar cutar, ta karɓe su a farko, to sun tsira daga borin jini. Ba haka abin yake ba. A Janairun 2025 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sanya gargaɗi mafi tsanani a takardar maganin, domin mummunan bori mai iya kisa yana tasowa ko bayan watanni ko shekaru ana allurar lafiya lau, galibi cikin awa guda da yin ta.

Abin da ke rikita mutane shi ne wata illa da aka saba gani jim kaɗan bayan allurar: zafin fuska, bugun zuciya da ƙuncin ƙirji, waɗanda kan lafa da kansu cikin rabin awa. Amma idan leɓe ko maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso a jiki, jira ganganci ne. A garzaya asibiti a yi allurar adirenalin, maganin gaggawa na mummunan bori, kuma kada a sake yin Copaxone sai likita ya amince.