Rabin reza ba ta zama a tsohuwar GEM

Sau da yawa na ji wannan magana a nan Damagaram: wai tsohon abin aski mai baki ɗaya, irin GEM ko Ever-Ready na Amurka, rabin reza ake sa masa. Ba laifi a yi wannan zato, tunda kullum ana ganin masu aski na karya reza gida biyu su sa rabi a askarsu.

Amma waɗannan da tasu rezar aka ƙera su. Rezar GEM ta fi kauri, ba ta lanƙwasa, kuma tana da ƙarfe a naɗe a bayanta. Idan an rufe marfin abin askin, shi ke tura ta gaba har bakinta ya tsaya kan ƴan ƙugiyoyi biyu, daidai inda ya kamata. Rabin reza siririya ce, ba ta da faɗi, babu abin da zai riƙe ta.

Wani maƙwabcinmu a Zango ya samu Ever-Ready mai tambarin 1912 cikin kayan tsohonsa, ya sa masa rabin reza. Tana ta rawa, ta yanke shi a haɓa, ya ce abin ya lalace. Alhali lafiyar abin lau. Da aka aiko masa da rezar GEM ta aski, ba wadda ake kankare fenti da ita ba (kamarsu ɗaya), ya jiƙa gemu da ruwan ɗumi da sabulu, ya kwantar da kan abin a kumatu, gashi ya fita sumul.