Takardar mai unguwa ba ta kammala cinikin gida

Mutane da yawa suna ɗauka cewa in mutum zai sayar da gidansa da kansa, ba dillali, to da an rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu, an miƙa takardar mallaka, shi ke nan an gama. Ba a banza suke faɗa ba: haka aka saba, kuma takardar yarjejeniyar tana da amfani wajen shaidar biyan kuɗi.

Sai dai dillali dama haɗa mai saye da mai sayarwa yake yi, aikin hukuma yana nan ko da shi ko babu shi. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a Najeriya a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce gidan da ke da takardar mallaka ta gwamnati ba ya canza hannu sai da amincewar gwamna.

Misali, ka sayar da gida a Kano, ba a bi ta KANGIS, hukumar da ke rajistar filaye a jihar, an sauya suna ba. A rajista har yanzu kai ne mai gida, harajin fili da sunanka zai riƙa zuwa, mai saye kuma banki ba zai karɓi gidan jingina daga hannunsa ba. Shi ya sa tun kafin a sa farashi ake biyan bashin harajin, a samu lauya ya rubuta takardar sauya mallaka.