Ruwa ya yi garau, amma gubar fa?

Da zarar an taɓo zancen ruwan dattin masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai a Kano, sai a fito mana da hoton kwalabe biyu, ɗaya shuɗiya ɗaya garau, a ce ga hodar nano, wato hoda mai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, da za ta wanke kogin Challawa da hasken rana kaɗai. Wannan tallar ta ishe ni.

Ba ƙaryata kimiyyar nake yi ba. Tun 1972 Fujishima da Honda na Japan suka nuna abin da titaniyam dayoksaid, sinadarin da aka fi yin irin wannan hodar da shi, ke yi idan haske ya buge shi. A cikin ruwa yakan haifar da wani sinadari mai suna haidiroksil, wanda ke yayyaga ƙwayar rini. Rauninsa shi ne sai da hasken ultrabayolet, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Shi ya sa ake gauraya shi da girafin ko kabon naitiraid, wasu su ƙara magnetait don a janye hodar da maganaɗisu bayan aiki.

To amma a duba yadda ake gwajin. Tataccen ruwa, miligiram 10 na rinin shuɗin metilin a lita guda, fitila a sama, awa biyu, sai tafi. Wane bututu ne a Sharaɗa ke fitar da irin wannan ruwa? Rinin auduga na masaƙa yana cin gishiri giram 50 ko fiye a lita, ga soda, kuma kuloraid da kabonet ɗin su ke cinye haidiroksil tun bai kai ga rinin ba. Na majema kuwa ba a magana: kitse, gashi, salfaid, baƙi wuluk, haske ba ya ratsa shi ko faɗin yatsa. Kuromiyam ɗin da ake jima da shi ƙarfe ne, babu hasken da zai ɓatar da shi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne rinin azo. Launinsa yana rataye ne da haɗin naitirojin guda biyu. Da haɗin ya tsinke launi ya tafi, amma gutsattsarin da suka rage, wato amin, wasunsu na jawo kansa. Mai lambun latas da kabeji a bakin kogin Jakara ko na Getsi ido yake amfani da shi. Ya ga ruwa ya washe, ya kunna injin ban ruwa. Duk binciken da ya tsaya a launi, bai auna COD da TOC, ma'aunan dattin da ya rage a ruwa, ba, kwalliya ce kawai.

Masu cewa a rufe masana'antun baki ɗaya su fara faɗa mana inda leburorin za su ci abinci.

A fara da abin da aka sani: tankin kwantar da laka, alif, da farar ƙasa da za ta ɗaga pH, ma'aunin tsamin ruwa, zuwa 8 ko 9 don kuromiyam ya kwanta. Hodar nano ta zo a ƙarshe, kan ruwan da haske zai iya ratsawa. Ya kamata NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, ta tilasta wannan matakin farko. Masu bincikenmu kuma su ɗauki jarka su ɗebo ruwan magudanar Challawa, su maimaita amfani da hodar sau goma a kansa, sannan su kira 'yan jarida.